Abin da Ya Girgiza Kyamara

Ranar Litinin da hantsi ina shagona na buga takardu, na kai shafi na goma sha ɗaya na rubutun surukina, sai yatsuna suka tsaya cak a kan kwamfuta.

Rubutun Baba ya yi wuyar karantawa tun da hannunsa ya fara rawa, shi ya sa gidan talabijin suka ce a kawo musu shi a buge, aikin kuwa ya faɗo kaina. Amma wannan shafin bai ba ni wahala ba, don na san abin da ke cikinsa tun kafin in kai ƙarshen layi. Yarinya ta shigo da gudu, in ji rubutun, ta tsaya gaban maigida. Ta buɗe baki, magana ta maƙale. Ta runtse ido, ta buga ƙafar hagu a ƙasa sau uku: ri-ri-ri-ri. Maigida ya ce ta zauna ta huta, in ta ƙarasa ta aiko masa a wasiƙa. Hayaƙi kuma yana ta shigowa ta taga.

'Yata ce. Ba a sa sunanta ba, amma ita ce, har ƙafar.

Ɗigo muke ce mata, don da aka haife ta ba ta cika tafukan babanta biyu ba. Shekararta shida, tana da i'ina. Wata biyu da suka wuce na bar dutsen guga a kan rigar Baba na je sauke tukunya, ita ta fara ganin hayaƙin. Ta ruga falo ta gaya masa, kalmar riga ta ƙi fita. Kafin ta fito, bayan rigar ya zama taga. Da aka kashe wutar kowa ya yi dariya, har da ni, Allah ya yafe min. Na dai ga Baba ya zaro ɗan littafinsa daga aljihun gaba, ya lashi bakin fensir. Ban kawo komai a raina ba, don kullum haka yake yi, kuma shekara talatin rabon da wani ya nemi wasa a wurinsa.

Wanda bai kai shekara arba'in ba ba zai gane ko wane ne Baba ba. Lokacin da aka buɗe gidan talabijin na garinmu, ɗaki ɗaya ne da kyamara biyu, shi kuma ɗan akawu ne a gidan rediyo, wanda ke kashe mutane da dariya a wurin shan shayi. Aka ce ya zo ya cike musu rabin awa ranar Laraba kafin a samo shirin kirki. Shekara goma sha tara yana cike rabin awar nan. An ce in Laraba ta yi, masu shaguna rufewa suke yi su tafi gidan da ke da akwatin talabijin, yara su ɗare katanga suna leƙe ta taga. Duk abin da ya rubuta kuwa daga cikin gidansa ya kwaso shi. Marigayiya surukata takan ce ita ba ta da sirri, in ta ƙona girki ranar Asabar, duk gari zai ji ƙaurinsa ranar Laraba. Yanzu gidan talabijin zai cika shekara hamsin, suka tuna da tsoho, suka ce ya rubuta musu wasa ɗaya. Tun ranar da takardar ta zo yake yin wanka da sassafe, ya sa hula kamar mai zuwa ofis, ya zauna a teburin cin abinci yana rubutu yana dariya shi kaɗai.

Abin da bai sani ba shi ne na bara. Yana gidan babbar 'yarsa yana jinyar ido lokacin da wani yaro a ajin su Ɗigo ya kwaikwayi maganarta a gaban kowa. Kwana goma sha ɗaya ba ta ce uffan ba. Ruwa ma da yatsa take nunawa. Na kai ta wurin mai koyar da magana a asibiti, muka yi ta fama, sai a zangon nan malamarsu ta ce ta fara ɗaga hannu a aji. Kuma a makarantar babu wanda bai san jikar wane ce ba, don Baba kan je ɗauko ta jefi-jefi, malamai su kewaye shi suna tuna masa tsofaffin wasanni.

Da yamma na sami babanta a bayan gida yana wanke babur, na miƙa masa shafin. Ya goge hannu a wando ya karanta, sai na ga gefen bakinsa yana motsi.

"Dariya za ka yi?"

"Wa, ni? Kumfa ce ta shiga min hanci." Ya mayar min da takardar. "Haba Maman Ɗigo, ai ni ma haka aka yi min. Ina shekara biyar na haɗiye maɓalli, Laraba na zagayowa har mai sayar da kananzir ya sani. Ga ni nan, na mutu?"

"Har yau Maɓalli ake ce maka. A katin aurenmu ma saura kaɗan a buga shi."

"To ai suna ne, ya fi babu."

"Kai sau ɗaya ka haɗiye maɓalli, ya fita, aka wuce wurin. Ita kullum da abin take tashi."

Murmushin ya ɗauke. Ya matse tsumma a bokiti. "Ki bar min, zan yi masa magana."

Bayan cin abinci ya shiga ɗakin Baba. Na riƙa wanke kwanuka a hankali don kada ƙararsu ta hana ni ji. Ba a yi minti biyar ba na ji su suna ƙyaƙyatawa, Baba yana yin muryar mace, yana yin ta namiji. Ya fito yana share hawaye, ya gan ni, ya sunkuyar da kai.

"Ban sami hanya ba. Kin ga yadda yake murna kuwa? Gobe, in Allah ya yarda."

Na san irin goben nan. Tun da na aure shi ban taɓa jin ya ce wa mahaifinsa a'a ba. Ni kuma suruka ce. Shekara bakwai muna gida ɗaya, ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba, ban taɓa katse masa magana ba. Da wane bakin zan ce masa rubutunsa bai yi ba?

Sai na yi abin da na iya. Ranar Talata na cire shafin, na ɗinke ƙarshen na goma da farkon na sha biyu da wata jimla tawa, wai maigida ya ce bari ya leƙa waje. Na buga kwafi goma sha biyu na sa musu bango. Da na kai masa bai karanta ba, idon ba ya jure ƙananan haruffa. Ya ɗora ɗaya a tafin hannu yana aunawa kamar mai sayen kaza.

"'Yata, ya na ji ya rame? Da ƙibarsa na ba ki shi."

"Haka kwamfuta take matse rubutu, Baba."

"Ita ma ta koyi halin manajoji ke nan." Ya yi dariya. "Alhamis za a yi gwaji, Juma'a a ɗauka. Ke za ki raka ni, ki ga inda na tsufa."

Kwana biyun nan ban ci abincin kirki ba. Na buga wa wani takardar neman aiki na sa kwanan watan bara, ya dawo yana faɗa. In na dawo gida in tarar da Ɗigo a gefen kakanta, yana ɓare mata lemo yana cire zaren ɗaya-ɗaya don ba ta son sa, tana ce masa mai sanƙo, yana ce mata ya fasa auren. Sai in ji kamar ni ce muguwar gidan.

Ɗakin ɗaukar shiri sanyi gare shi kamar firiji. Ba taga ko ɗaya, fitilu rataye a sama kamar tukwane, wayoyin lantarki a ƙasa an manne su da salatif. A tsakiya an haɗa falon ƙarya, kujeru uku da bangon katako mai tagar da ba ta kallon ko'ina. Darakta, wani matashi da abin ji a kunne, ya durƙusa ya gai da Baba yana satar kallon agogo. 'Yan wasa shida ne. A cikinsu akwai wata mata da ta haura hamsin amma ba ta wuce kafaɗata ba, Gajeriya suke ce mata, ita ke fitowa a yarinya tun zamanin Baba. Sai wani dogon dattijo, Sanda, tsohon mai ɗaukar hotonsa, an ɗauko shi daga ritaya ya riƙe kyamara ɗaya don tarihi.

"Kai, ashe kana da rai?" Baba ya ce.

"Kai nake jira ka riga ni, in ɗauki hoton jana'izar."

"Da wannan hannun? Sai gawa ta fito tana rawa."

Aka ajiye masa kujera gaban wani ɗan allo da ke nuna abin da kyamara take gani, ya zaunar da ni kusa da shi.

"Kin ga wannan? A zamaninmu ba 'yan kallo a ɗaki, kai tsaye ake watsawa, ba ka sani ba ko mutane dariya suke ko sun tafi barci. Alƙalaina su ne masu kyamara. In magana ta kama su, kafaɗa ta motsa, hoto ya girgiza. Inda ya girgiza in sa tauraro a gefen takarda. Abin da ke da tauraro kuwa ba a cire shi, ko manaja ne ya sauko da kansa. An taɓa dakatar da ni wata guda a kan haka."

Aka fara. Baba ya lumshe ido, leɓɓansa suna bin maganar 'yan wasa; ashe duk ya haddace. Ni kuwa takarda nake bi da yatsa. Shafi na uku, na biyar, na takwas. Hoto a allo tsaye ƙyam. Ba mai dariya sai Darakta, ita ma irin ta ladabi. Barkwancin na mutanen da ne, na mai gidan haya da mai gyaran rediyo, yaran da ke ɗakin ba su san duniyar ba. Na ga Baba ya buɗe ido ya leƙa allo, ya sake rufewa.

Muka zo inda na ɗinke. Maigida ya ce bari ya leƙa waje. Baba ya ɗaga hannu.

"Dakata. Wannan ba maganata ba ce. Ina yarinya?"

"Wace yarinya, Baba?" in ji Darakta, yana juya takardu.

"Mai hayaƙi. An ci min shafi guda." Ya juyo ya dube ni.

Na ce, "Ƙila firinta ce ta tsallake shi, Baba."

"Ba komai. Yana nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da fensir.

Ya miƙe ko sanda bai ɗauka ba, ya taka cikin falon ƙaryar nan, ya ce Gajeriya ta kalla da kyau. Ya ɗan rugo, ya tsaya, ya buɗe baki. Ya runtse ido. Ya buga ƙafar hagu. Har yadda take dunƙule hannun dama ta danna shi a cinya, abin da ni uwarta ban lura da shi ba sai da na gan shi a jikin tsoho. Ashe haka yake kallonta, tsaf, duk wannan lokacin.

Ɗaki ya fashe. Gajeriya ta karɓa ta maimaita, ta ƙara gishiri. Maigida ya jefa maganar wasiƙa, wata 'yar wasa ta zame daga kujera tana riƙe ciki. Hoton allo ya yi sama ya yi ƙasa, Sanda ya kifa kai a kan kyamara yana tari. Baba ya dawo yana haki, fuskarsa kamar ta yaro, ya zana tauraro babba a gefen takarda. Ni ba shi nake kallo ba. Wayoyin hannun da aka ɗaga sama ana ɗaukar hotonsa nake ƙirgawa. Na ga huɗu. Ƙila biyar, can baya kusa da tsani mai kula da fitilu ya ɗaga wani abu, haske ya hana ni tantancewa.

Darakta ya ba da hutun minti ashirin. Aka kai Baba ɗakin kwalliya aka ba shi shayi. Na bi shi. Na tura ƙofa, na durƙusa a gefen kujerarsa.

"Baba, firinta ba ta tsallake komai ba. Ni na cire."

Ya ajiye kofi a hankali. "Ke?"

"Ni."

"Manajoji uku na gani, ba wanda ya taɓa cire min layi a ɓoye. Me ya yi miki?"

"Ɗigo ce, Baba."

"To ai na sani. Amaryata ce, tsakanina da ita ne. Ita ba mai sanƙo take ce min ba? Ban sa sunanta ba."

"Ka sa ƙafarta."

Ya yi wata 'yar dariya ta lallashi. "'Yata, ba ki san talabijin ba. Iska ce. Laraba a yi dariya, Alhamis kowa ya kama gabansa. Wasa ɗari takwas da 'yan kai na rubuta, nuna min guda ɗaya. Na farkon ba a ɗauke su ba sam. Da kaset ya zo, tsada gare shi, sai a ɗauki namu yau, mako mai zuwa a ɗora shirin noma a kai. Hotuna uku suka rage min a duniya, biyu ma rabin fuskata ce. Wa zai tuna da wata yarinya mai hayaƙi?"

Ban kai ga buɗe baki ba sai muryarsa ta fito daga bayan labule. Ri-ri-ri-ri. Sai dariyar mata biyu. Sai kuma ri-ri-ri-ri, daga farko.

Na ja labulen. Mai kwalliya ce da wata 'yar wasa, kawunansu haɗe a kan waya. Suka miƙe a kunyace. Na ce ta kawo, ta miƙa wa Baba. Ya nisanta wayar da idonsa, ya ga kansa ɗan mitsitsi yana buga ƙafa. Hoton ya ƙare, ya koma farko da kansa. Ya sake ƙarewa, ya sake komawa.

"Ba ya tsayawa ne?"

"Sai an tsayar da shi, Baba," in ji mai kwalliya. "Wallahi ya yi kyau. Yanzu nake shirin tura wa 'yan gidanmu."

"Kada ki tura!"

Ban san muryata tana da wannan ƙarfin ba. Duk suka dube ni. Na koma na durƙusa, amma ban sunkuyar da kai ba.

"Baba, wannan ba ya tafiya. In aka watsa ranar Laraba, kafin a kashe talabijin an yanko wurin nan an rarraba. 'Yan ajinsu a wayar iyayensu za su gani. Ta kai aji shida yana nan. Ta zama budurwa yana nan, wani ya tono shi ya tura mata." Sai na ba shi labarin bara, duka, ban rage ba. "Kwana goma sha ɗaya, Baba. Da kake kira daga gidan Yaya kana cewa a ba ka amaryarka, muna cewa ta yi barci, ba barci take ba. Tana tsaye kusa da ni tana girgiza kai."

Matan biyu suka sulale waje, suka bar wayar a kan tebur. Baba ya ture shayin da ya huce gefe.

"Kin ga allon nan da idonki," ya ce. "Shafi goma, ko gezau. Nan ne kaɗai ya motsa."

"Na gani."

"Kuma wannan ne kaɗai za su ajiye. In wata rana aka ce me tsohon nan ya yi da har ake rufe masa shaguna, wannan za a nuna."

"Na sani, Baba."

"Kin sani." Ya jinjina kai. "Kin sani, kuma kika zo."

Na so in ce ai za a iya rubuta wani abin a madadinsa, zan zauna in buga masa. Amma ƙarya ce, babu abin da za a rubuta kafin gobe da zai kai wannan, kuma ya fi ni sani. Gwiwoyina suna ta zafi a kan siminti.

Ya ɗauki sandarsa ya fita bai dube ni ba. Ban san me zai yi ba. Na kira mai kwalliya na sa ta goge a gabana, sannan na bi shi da sauri.

Na tarar Darakta ya cire abin kunnensa yana magana da hannu bibbiyu. "Baba, don girman Allah! Minti huɗu ne fa, kuma shi ne wasan gaba ɗaya. Da shi zan yi talla. Me zan sa a ramin?"

"Sa shirin noma."

Sanda ya leƙo daga bayan kyamara. "Kai ne kuwa? Shafi mai tauraro? Ni fa na raka ka har ofishin manaja ranar da aka dakatar da kai."

"Hannunka ne ke rawa. Tsufa ne, ba dariya ba."

"Ƙarya kake yi, kuma ka sani."

"To ƙarya nake. A cire."

Gajeriya ta dube ni, ta dubi Baba. "Allah sarki, 'yar gida ce ke nan," ta ce a hankali, ta ninke takardarta ta koma ta zauna.

Na matsa kusa da shi na ce, "Saura wayoyi, Baba." Ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa, ya gindaya sandarsa.

"Ba mai fita sai surukata ta ga wayarsa. Wanda ya ji haushi ya zage ni a zuci, na saba."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna dariya, wasu sun ɓata rai. Wani ya ce ko 'yan sanda sai da takarda suke bincike. Na ce ya yi haƙuri, ni uwa ce, ba ni da takarda. Uku na samu bayan ta mai kwalliya. Na sa aka goge, aka shiga inda waya ke ɓoye abin da aka goge aka sake gogewa, na duba ko an tura wa wani. Darakta ya rantse kyamarorin ba sa ajiye komai lokacin gwaji. Na sa ya nuna min, ko da yake ban gane abin da ya nuna ba.

Mai kula da fitilu ne babu. An aike shi sayen ƙwan fitila tun farkon hutu. Na karɓi lambarsa na kira, hayaniyar titi ta cika wayar.

"Ni, Anti? Ina riƙe da tsani, da wane hannun zan ɗauka?"

"Na ga ka ɗaga wani abu."

"Abin auna haske ne. Ko dai... a'a, shi ne. Anti, mota za ta taka ni, sai anjima."

Wannan "ko dai" ta bi ni har gida.

Ranar Juma'a aka ɗauka, Baba ya ce ba sai na raka shi ba. Daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu. In na kai masa abinci ya ce sannu, ya juya yana kallon taga. Baban Ɗigo ya tambaye ni me na gaya masa, na ce abin da ka ce gobe za ka gaya masa. Na sake kiran mai fitilun sau biyu, na biyu bai ɗauka ba.

Laraba ƙarfe bakwai maƙwabta suka cika mana falo. Tsofaffi suna murmushi suna cewa kai, an tuna baya. Samari suna latsa waya. A wurin minti huɗun nan aka nuna hotunan Baba uku, kyamara tana tafiya a kansu a hankali da wani kiɗa mai sanyi, har wata tsohuwa ta fara gyangyaɗi. Ɗigo tana zaune a ƙafar kakanta, ta yi dariya sau ɗaya, inda maigida ya zauna a kujerar da aka janye. Da aka gama aka tafa masa, aka watse da wuri.

Ina kwashe kofuna ya ce, bai dube ni ba, "Tsakiyar ta mutu."

Na ce, "Eh, Baba."

Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

Washegari na rufe shago tun sha biyu da rabi na je na tsaya a ƙofar makaranta, alhali sai ɗaya da rabi ake tashi. Duk uwar da ta zo tana kallon waya tana murmushi sai in matsa in saci kallo. Ɗaya girki take kallo, ɗaya wani jariri ne ke wanka. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka ɓarko. Na riƙa bin bakunansu da ido ko akwai mai kwaikwayo. Sai ga ta can baya, jaka a karkace, safa ɗaya ta zame.

Ta kama hannuna. Ba ta ce komai ba. Muka wuce mai gadi, muka wuce mai sayar da biskit.

"Ma-mama."

"Na'am."

"Ƙa-ƙa-ƙadangare ya shiga ka-kabad ɗin Malama."

"Kai! Sai aka yi yaya?"

Labarin ya ɗauke mu daga nan har kwanar gidanmu, da tsayawa, da komawa baya, da gyara, don wai ba Malama ta fara gani ba, mai zama a gaba ce. Daidai shagon mai faci wayata ta yi ƙara a jaka. Saƙo ne, sai wani, sai wani. Hannuna ya kai kan zif ya tsaya. Har lokacin ƙadangaren bai fito daga kabad ba, Malama tana kan tebur, an aika kiran mai gadi.

"Ina jin ki," na ce. "Sai mai gadi ya zo."